Sallah a Inuwar Taya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa tarakta a gonakin Simsim, kudu da Gadarif. Mu a can babur muke ce mata, kamar yadda Larabawa ke faɗa, gonar kuma mashru. In ka kama layi a mashru sai ka yi ta tafiya har ka manta abin da ya fito da kai. Ba bishiya, ba tudu, sai baƙar ƙasa da sama.

Abu na farko da direba ke koya shi ne ba a kashe babur a daji. Batiranmu duk sun gaji. In ka kashe, sai an sami wani ya ja ka, shi kuwa wanin yana can inda ko hayaƙinsa ba ka hange. Don haka in azahar ta yi sai in sauko in bar shi yana ruri, in yi alwala da ruwan jarka, in shimfiɗa buhu a inuwar taya in kabbara. Ƙasa na rawa a ƙarƙashin goshina. Bakina na karatu, kunnena na wajen injin, ina auna ko ƙarar ta sauya. Sau da yawa sai na kai zaman tahiya nake tambayar kaina raka'a nawa na yi. Na ƙware a ƙabli da ba'adi har abokan aiki suna tsokanata wai in buɗe makaranta.

Abin bai tsaya a daji ba. Da rani, a masallacin unguwarmu, babu injin ko ɗaya, amma kaina bai san an tashi daga aiki ba. Ina bin liman ina kwance ƙusoshin garma. Wannan ya dame ni ƙwarai, ban kuwa gaya wa kowa ba. Tsorona shi ne in isa lahira da buhunan sallah, a kwance bakinsu a tarar ƙaiƙayi ne.

Wata damina, lokacin shukar dawa, ruwa ya riske ni a ƙarshen mashru. Lakar Gadarif in ta jiƙe ba ta san mutunci ba. Babur ya nutse har ciki, na yi ta fama da shi har mai ya ƙare, ya mutu don kansa. Direba ba ya tafiya ya bar babur, kuma babu mai iya zuwa sai ƙasa ta sha iska. Ina da ruwa da busasshiyar kisra, gurasar dawa ta mutanen can, sai na zauna.

Ranar farko zagi na yi ta yi. Rana ta biyu na gaji da zagin, amma kunnena bai daina gunji ba, kamar injin ya koma cikin kaina da zama. A rana ta uku, wajen la'asar, na lura gunjin ya tafi, ban san lokacin da ya tafi ba. Na ji kwaɗi. Na ji ruwa na tsiyaya cikin tsagar ƙasa, sannan na ji numfashina. Babu abin da zan gyara, babu inda zan je, tunani ya zo ya rasa abin kamawa ya wuce.

Na tashi na kabbara. A cikin Fatiha akwai wurin da magana ke juyawa, bawa ya daina ba da labarin Ubangijinsa, ya fuskance Shi ya ce Kai. Tun ina yaro nake wuce wurin nan a guje. Ran nan da na iso sai na tsaya, domin na gane da Wani nake magana, kuma Yana nan. Ba daɗi na fara ji ba, kunya ce, irin ta wanda ya daɗe yana surutu a ɗaki bai san da mai gida a zaune ba. Raka'a huɗun nan na san kowace ɗaya.

Kashegari aka zo aka ja ni zuwa kambo, inda ma'aikata ke kwana. Mai gadin wurin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, tsohon makiyayi da gonakin nan suka cinye masa burtali. Na same shi yana dafa shayi, na ba shi labari duka, sannan na yi tambayar da ke cina.

"Kawu, sallolin shekara goma sha ɗayan nan fa? In rama su?"

Bai ɗago ba. "Ka taɓa barin wata ta wuce ka?"

"Ko ɗaya."

"To kalas, shi ke nan, ya waladi. Me za ka rama?"

"Ai a cikin ƙara na yi su, Kawu. Ni kaina ban ji abin da na ce ba."

Ya zuba shayin ya miƙo mini.

"Yo babur ɗinka ne zai hana Shi ji? Shi duk Ya ji, ɗana. Kai ne ba ka nan."