Odiyon Malam Misbahu

Misbahu ba mugun yaro ba ne, wannan kowa a Tudun Wada ta Daura zai shaide shi. Baki ne da shi, kuma tun yana ƙarami bakin ya fi hankalinsa sauri. Ubansa ya rasu yana firamare, uwarsa Inna Laraba ta raine shi da tuyar ƙosai da awara a ƙofar gida har ya yi difloma a kan kwamfuta. Takardar ta daɗe a ƙarƙashin katifa. Ya yi tallan katin waya, ya yi zaman shagon wani yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, kafin Allah ya haɗa shi da aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata da Hajiya Murjanatu ta kafa bayan ta yi ritaya.

Ranar da ya kama aikin nan Inna Laraba ta kife kaskon tuya. Hayaƙi ya riga ya cinye mata ido ɗaya, ɗayan ma likita ya ce in ba ta rabu da wuta ba zai bi ɗan'uwansa. To ka ji abin da aikin Misbahu yake nufi a gidan nan: muddin yana zuwa makaranta, tsohuwa ba za ta koma bakin murhu ba.

Kuma ya iya aikin, gaskiya ɗaya ce. Yaran da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba, kafin zango ya ƙare sai ka ga suna buga sunayensu suna dariya. Hajiya ta yarda da shi har ta damƙa masa guruf ɗin iyayen yara na waya. Da yake iyaye da yawa ba sa karanta boko, sai ya riƙa aika musu sanarwa da murya, abin da ake ce wa odiyo. Kullum da kalma ɗaya yake farawa: "Assalamu alaikum jama'a, Malam Misbahu ne daga Tudun Wada." Abin ya bi bakinsa, ko odiyon tambayar lafiya zai yi wa aboki sai ya fara da haka. Babu gidan da ke da 'ya a makarantar nan da bai san muryarsa ba.

Ciwonsa ɗaya gem. Wasan harbi ne na waya, inda ake sauke mutane a wani fili su yi ta farautar juna har a bar mutum ɗaya. Samarin Daura da Baure da Sandamu da Mai'adua sun haɗa guruf nasu, a nan ake sa ranar gasa, a nan ake cika baki. Misbahu a can sunansa Janar. Guruf ne na maza zalla, ko kuwa haka suka ɗauka. Wanda ya buga shirme a ce masa ya je ya ɗaura zani. In tsautsayi ya sa wata ta shigo, kafin ta gama sallama an fara tambayarta hoto, wani ya ce ta je ta duba tukunya kada ta ƙone, har ta gaji ta fita. Su a wajensu wannan raha ce.

Akwai wani ɗan wasa a cikinsu mai suna Shaho, wanda ba ya magana, ba ya buɗe makirfo, sai dai ka ji harsashi a ƙeya. Mutum ɗaya ne ya san ko wane ne Shaho, wato Misbahu, don shi ya koya mata wasan da tsohuwar wayarsa. Ikilima ce, 'yar kawunsa Malam Ma'aruf na Sandamu, mai aiki a wani kemis a bakin titi. In babu masu sayen magani sai ta sa abin ji a kunne a ƙarƙashin hijabi ta buga hannu ɗaya.

Ita da Misbahu taubasai ne, shi ɗan mace ita 'yar namiji, kuma sun riƙe wasan nan da hannu biyu. In sun haɗu a gidan suna ko biki sai an gaji da su. Ya ce mata mai hanci kamar an taka kwaɗo, ta ce masa malamin da ba ya iya shan fura sai da cokali. Ya ce tuwonta ko akuya sai ta yi istigfari kafin ta ci, ta ɓoye masa takalmi. Manya na dariya, don abin gado ne, kuma ba a fushi. Amma wasan taubasai a tsakar gida ake yin sa, gaban mutanen da suka san wasa ne, kuma ko mahaukacin taubashi ba ya taɓa mutunci. Misbahu ya san na farkon, sauran ne bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba.

Wata Asabar bayan la'asar aka yi babbar gasa. Misbahu na zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, abokai sun kewaye shi suna leƙen waya. Aka yi ta faɗuwa har fili ya rage daga Janar sai Shaho. Ya laɓe a bayan wani gini yana jiran ta fito, ashe ta zagayo. Harbi ɗaya ta yi masa. Daɗi ya kwashe yarinya, ta manta kanta, ta buɗe makirfo a karon farko tana dariya ta ce, "Sannu taubashi! Tashi ka sha ruwa."

Wayyo! Guruf ya kama da wuta. Mace ce Shaho! Mace ta kashe Janar! Wani ya liƙa wa hotonsa ɗankwali, wani ya ce daga yau sunansa Hajiya Janar. Na kusa da shi har da faɗuwa ƙasa don dariya. Kunya ta rufe Misbahu, zuciya ta ɗebe shi, ya danna wajen ɗaukar murya ya kai waya baki.

"Assalamu alaikum jama'a, Malam Misbahu ne daga Tudun Wada. Ku ba ku san ta ba, ni na san ta, Ikilima ce 'yar kawuna ta kemis ɗin Sandamu. Wace 'yar mutunci ce za ta zauna cikin maza tana harbi? Ku tambaye ta wa ke zuba mata data. Alhazan da ke tsayawa da mota a ƙofar kemis ɗin nan, ce muku aka yi maganin ciwon kai suke saya? Mu da muke gida mun san komai."

Ya saki, ya yi dariya, abokai suka tafa masa. Wallahi a ransa gani yake ya rama wasa ne, irin na ɓoye takalmi. Haba Misbahu! Mutum nawa ne a guruf ɗin nan suka san taubashiyarka ce? Abin da suka ji shi ne ɗan gida ya fasa ƙwai, kuma maganar ɗan gida ai ba a musa ta.

Kafin magariba saƙonnin banza sun cika wayar Ikilima. Washegari wasu samari biyu suka tsaya da babur a ƙofar kemis suna tambayar ko ita ce Shaho, suna ƙyafta wa juna ido. Ta kira Misbahu tana kuka ta ce ya goge. Ya goge, amma magana zarar bunu ce. Odiyo ya riga ya fita daga guruf ɗin gem ya shiga na 'yan kasuwa, ya faɗa na matan unguwa, daga nan wata uwa ta jefa shi cikin guruf ɗin iyayen yara, wanda Misbahu da kansa yake kula da shi. Ta rubuta a ƙasa: wannan ne ke koyar da 'ya'yanmu?

Ranar Litinin Hajiya Murjanatu ta tare shi tun a bakin ofis. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya koma gida sai ta neme shi.

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ke hana cin abinci. Ya gaya wa Inna Laraba cewa wasa ne suka yi da Ikilima a waya, wasu 'yan baƙin ciki suka kai shi gaba. Bai kunna mata odiyon ba. Tsohuwa ta ce in dai wannan ne ai da sauƙi, wa ya isa ya shiga tsakanin taubasai? Ta aika Sandamu aka gaya wa ƙaninta Malam Ma'aruf ya zo da yarinyar su yi wa Hajiya bayani. A saninta, kuma a sanin duk wani babba a ƙasar nan, in wanda aka yi wa laifi ya zo da ƙafarsa ya ce ya yafe, magana ta mutu.

Malam Ma'aruf manomi ne mai kiwon tumaki, wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba ta san wani odiyo ba. Mutanen Sandamu kuwa sun ji, amma wa zai tari dattijo da irin wannan? Ikilima ma ta ɓoye masa, don ta san in ya ji, ita za a fara hukuntawa. Haka ya saka farar rigarsa ta Juma'a ranar Laraba da safe, ya goyo 'yarsa a babur, ya zo ceton ɗan yayarsa da zuciya ɗaya. Inna Laraba ta ce in sun gama su biyo ta gida, za ta dama masa fura.

A ofis Hajiya ta ba dattijo kujera. Misbahu ya rakuɓe a jikin bango, Ikilima ta durƙusa kusa da ƙofa, kanta a ƙasa.

Malam Ma'aruf ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, yaran nan taubasai ne. Tun suna tsumma suke wannan shirme. Ni na haifi yarinyar, ga ta nan, ba ta riƙe shi da komai ba. A yi masa aikin gafara, shi ke riƙe da uwarsa."

Hajiya ta dube shi ta ce, "Malam, ka ji abin da ya faɗa?"

"An gaya mini wasa ne."

"Ka ji da kunnenka?"

Ya ce a'a. Misbahu ya matso daga jikin bango. Ya buɗe baki zai ce wani abu, Hajiya ta ɗaga masa hannu, ta ajiye wayarta a kan tebur ta danna.

Sallamar nan ta cika ofis. Da farko dattijo har ya yi ɗan murmushi da ya gane muryar. Da aka ambaci sunan 'yarsa da kemis murmushin ya tafi. Da aka zo kan alhazai da mota sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana kallon cikin hular. A ƙarshen odiyon ana jin dariyar Misbahu da tafin abokansa. Ikilima ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Daga aji ana jiyo hayaniyar yara.

Hajiya ta ce, "Ikilima, kin yafe masa?"

Ta ce, "Na yafe, Hajiya."

"Allah ya yi miki albarka. Haƙƙinki ne, kin kuma bar shi." Ta juya wajen Misbahu. "Amma 'ya'yan mutane da ke cikin azuzuwan nan ba nawa ba ne balle in yafe da su. Iyaye sun ce ko kai ko 'ya'yansu. Ni ma in na rufe ka a ɗaki da 'yan mata, me zan ce wa Allah? Ka ba ni makullin ɗakin kwamfuta, Malam Misbahu."

Ya durƙusa. Ya yi rantsuwa, ya ce sharrin zuciya ne, ya ce za a iya cire shi daga guruf a bar shi da aji, ya ambaci idon uwarsa har hawaye suka zubo masa. Ya waiga wajen kawunsa ko zai sa baki. Dattijo na nan yana kallon cikin hularsa. Hajiya ta miƙo hannu, kuma hannun bai koma ba sai da makulli a ciki.

A bakin ƙofar makaranta Malam Ma'aruf ya tsaya kusa da babur ɗinsa. Bai yi zagi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Misbahu, tsakaninka da Allah, abin da ka faɗa, ka gani?"

"Wallahi Kawu ban ga komai ba. Wasa ne."

"To. Sai ka bi Sandamu gida-gida ka gaya musu."

Sannan ya juya wajen 'yarsa ya miƙa hannu. Ba ta tambayi me yake so ba, ta ciro wayar ta ba shi. Ya jefa a aljihu ya ce daga yau ta gama zuwa kemis. Ikilima ta ɗago ta dubi Misbahu sau ɗaya, idanunta jawur. Ita aka zaga, ita ta yafe, ita kuma aka raba da aiki da wayar a rana ɗaya. A nan ne ya kamata bakin nan nasa mai sauri ya yi amfani, ya ce Kawu ba laifinta ba ne. Bakin ya mutu. Ta hau bayan babur suka tafi.

Ya bi su da kallo har mararrabar da ke shiga Tudun Wada. Tunda Misbahu ya yi wayo kawunsa bai taɓa shigowa Daura ya fita bai gaida yayarsa ba. Babur ya wuce mararrabar ya miƙe hanyar Sandamu.

Da ƙafa ya koma gida, rana na dukansa, wayarsa na ta motsi a aljihu, 'yan guruf ne ke kiran Janar ya shigo an fara. Ya tarar Inna Laraba ta share tsakar gida ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, ga ludayi biyu a kai. Ta ji motsinsa ta juyo da idon nan mai gani, tana leƙen bayansa, fuskarta cike da fara'a.

Ta ce, "Har kun gama? Ina kawun naka?"