Motar da Take Kuka In Inna Ta Shiga

Ko da zan manta duk motocin da na taɓa tuƙawa, ba zan manta abin da ya same ni da mahaifiyata a cikin wata jar mota a hanyar Bukuru ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau in taya ta yi ƙara a kwana sai tsigar jikina ta tashi.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina saurayi, ina aikin akawu a Jos, muna zaune a Anguwan Rogo ni da Inna. Na sayi motar a hannun kukun wani Baturen haƙar kuza da ya koma ƙasarsu ya bar masa ita. 'Yar ƙarama ce, ƙofa biyu, kujera biyu, sitiyarinta a dama irin na da. Lafiyarta ƙalau, ni ne dai rawar kai ta yi wa yawa. Na ga hoton motocin tsere a wata tsohuwar mujalla, cikinsu na neman shafar ƙasa, tayoyinsu faffaɗa, na ce wallahi tawa ma sai ta koma haka.

Na kai ta unguwar Congo-Russia wurin wani dattijon makanike, ɗan asalin Filato, wanda ya tsufa yana gyaran motocin Turawan kuza. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya tsuguna ya cusa yatsunsa huɗu tsakanin taya da madigadi.

"Oga, ka ga wannan wuri? Ba banza aka bar shi ba. In mota ya ɗauki nauyi, nan taya yake shiga. Kana so ya sauka, sai a nemo gajeren sifirin mai ƙarfi daga Ikko, a bar masa wili nasa na inci sha uku. Taya kuma kar ya wuce faɗin da ya zo da shi sai kaɗan."

Na ce, "Baba, wata nawa za a yi kafin sifirin ɗin ya zo?"

"Kamar uku."

"Haba Baba! A yanka waɗannan mana."

Ya miƙe ya goge hannu ya ce shi ba ya yanka sifirin. Na fito ina ƙunƙuni, a raina ina cewa tsufa ne ya sa shi tsoro. A ranar na sami wani mai walda ya datse mini kowane sifirin da wuta. Wani mai faci kuma ya sayar mini da wili, wato ƙarfen da ake sa wa taya, mai inci sha huɗu da manyan tayoyi da aka ciro daga wata babbar mota. Ramukan noti suka yi daidai, mu duka muka ce ai shi ke nan. Da aka sauke jak, yatsa ɗaya ne da ƙyar yake shiga inda huɗu suka shiga. Kai, motar ta yi kyau! Sati guda ina zagaya gari ba inda za ni, don dai a gan ni.

A lokacin yayata ta haihu a Bukuru, haihuwar kuma ta zo mata da wahala, don haka duk Asabar nake kai Inna ta duba ta. Inna mace ce mai jiki, kuma ba ta tafiya hannu rabbana. Ga ƙullin gero, ga kanwa, ga kwanon tuwo, duk a cinyarta da ƙarƙashin ƙafarta, don but ɗin motar bai fi akwatin kaya ba. Kafin a isa gidan yayata ana sauka daga kwalta a bi wata hanyar jar ƙasa mai gangara, a ƙarshenta a yi kwana dama. A hagun kwanar akwai tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ruwan kore ne shar, ba ya motsi, ba mai wanka a ciki, ba wanda ya san zurfinsa. Mutanen wurin suna cewa duk damina sai ya ci mutum.

Asabar ta farko, muna shiga kwanar, sai muka ji shi. Wani nishi ne siriri mai tsawo, kamar mace na kuka bakinta a rufe, yana fitowa daga ƙarƙashin ƙafar Inna, ta ɓangaren ruwan. Muna wuce kwanar ya ɗauke. Inna ta janye ƙafafunta ta ce, "Kai, ka ji abin da na ji?" Na ce iska ce. Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba.

Washegari na koma ni kaɗai, na bi kwanar sau uku, shiru. Na ɗauki wani abokina siriri kamar kara muka bi, shiru. Asabar ta zagayo, Inna ta shiga, kukan ya dawo, har ya fi na farko tsawo. Ta yi ta jan carbi, sai da muka isa ta ce a hankali, "Ɗan nan, abin nan ni yake kira."

Magana ta bazu a unguwa. Wani ya ce Baturen ya taɓa kaɗe wata mata a bakin ruwan, wani ya ce ai shi ya sa kukun bai taɓa tuƙa motar ba. Ba wanda ya ga komai da idonsa, amma ni na haɗiye duka, don ya fi mini sauƙi a ce aljanu ne da a ce tayoyina ne. Na je wurin wani malami a unguwarmu. Abin da ya fara tambayata har yau yana ba ni kunya. Ya ce, "Ka kai ta wurin makanike?" Na ce na kai. Ƙarya na yi masa, Allah Ya yafe mini. Ya yi mana addu'a, na sayi turare na turara motar, na ci gaba da ɗaukar Inna. Tsoro take ji ƙwarai, amma ba ta iya barin 'yarta kwance ba ta je ba.

Asabar ta shida a watan Agusta ne. An yi ruwa da rana, la'asar ta yi, hazo ya sauko ya rufe duwatsu, ko taku ashirin ba a gani. Muna shiga gangarar kukan ya fara, tun ba mu kai kwana ba, duk ramin da muka faɗa sai ya ƙara ƙarfi. Can sai ya yanke ɗif. Inna ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi, an daina."

Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka kunu. Na sake takawa, babu. Na finciko birkin hannu, motar ta sulale a taɓo, ta ƙi juyawa, ta nufi ruwan kai tsaye. Muka hau tulin ƙasar da ke bakin ramin, cikin motar ya daki ƙasa da ƙarfi, ta tsaya cak. Gwiwar Inna ta bugi ƙarfen gaba, na ji ƙarar ƙashin da kunnena.

Ba ta yi ihu ba. Tayoyin gaba suna lilo a kan ruwa, hazo ya rufe mu, duniya ta yi tsit. Abin da nake ji kawai ɗigar wani abu a kan ruwan, ɗis, ɗis, ɗis. Sai ga wasu siffofi suna fitowa daga cikin hazon, dogaye, da wani abu mai faɗi a kansu. Wallahi na sadaƙar cewa masu ruwan ne suka zo ɗaukar ta. Ashe mata ne masu wanke kuza da kwanoninsu a ka. Su suka danne bayan motar, suka jawo Inna ta ƙofata.

Bayan kwana biyu aka jawo motar zuwa Congo-Russia. Dattijon bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya cire tayar hagu ta gaba, ya nuna mini gefenta na ciki ya goge yana sheƙi, sannan ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan tiyon man birki. Ya cinye har ya huje.

"In Mama ya zauna da kaya, gefen nan yana sauka. Ka yi kwana, taya ya kama tiyo, ya yi kuka. Kai kaɗai ba ka da nauyin da zai taɓa. Sati nawa yana yi?"

Na ce shida. Ya mayar da kai ga aikinsa.

Ƙafar Inna ba ta ƙara miƙewa daidai ba. Shekara goma sha tara ta yi tana dogara sanda kafin Allah Ya karɓi abarsa. Duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labarin yadda mutanen ruwa suka yi sati shida suna kiran ta, da yadda ɗanta ya ƙwace ta a hannunsu da birkin hannu. Tana faɗa tana sa mini albarka, ni kuwa ina zaune kaina a ƙasa. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai in kasa, har ta rasu ban faɗa ba.

Abin da na koya shi ne, in abu ya fara kuka bayan ka taɓa shi, ka fara duba inda hannunka ya taɓa kafin ka ɗora wa wanda ba a gani. Ni na tsallake wannan, kuma Inna ce ta biya da ƙafarta.