Radin da Mato Ya Binne

Yayana Mato mutum ne mai taurin kai, wannan kowa a Madarumfa ya shaida, har jakinsa. Su biyu aka ɗauka soja daga gidanmu lokacin yaƙin Jamus, shi da ƙanenmu Hamisu. Bayan shekara shida Mato ya dawo shi kaɗai, da tsohon bargo da wani ƙullin tsumma a aljihu.

Mun zaci laya ce, ashe iri ne, ƙanana kamar na rama. Radi sunansa, in ji shi. Da Jamus suka kama su a Faransa, gonar wani tsoho aka kai su aiki. Can in sanyi ya sauko ƙasa takan daskare, fartanya ba ta kama ta. Kafin nan ake tone radin, baƙi a waje fari a ciki, a yanke ganye, a jera cikin rami a rufe da rairayi. Shi suka riƙa ci da gishiri har ƙanƙara ta narke. Tari ya kama Hamisu a sanyi na biyu. Kafin ya cika ya damƙa wa Mato irin, ya ce, “Ka kai ma Inna ta ɗanɗana, ta san ba mu kwan da yunwa ba.”

Innarmu Marka tun da ta ji saƙon ba ta da wata magana sai ta radi. Da ruwan tabkin garinmu ya ja baya, ɗari ya shigo, Mato ya yi fangali biyu a bakin ruwa ya zuba irin duka, ko ƙwaya bai rage ba. Safe da yamma yana jan tulu. Masu albasa na ta yi masa tsiya, wai ya ƙetare teku don ya kawo mana ciyawa. Abin kuwa ya yi kyau, saiwa kamar damtsen yaro.

Ranar tono Inna ta tako da sandarta har lambu ta miƙa hannu. Mato ya hana ta.

“Inna, yanzu yaji gare shi. Sai ya kwan wata biyu cikin rairai yake laushi. Haka Hamisu ya san shi, haka za ki ci shi.”

Na ce masa, “Yaya, ka ba ta ko guda mana.” Ya ce mace da ba ta taɓa wuce garin Gabi da ke nan kusa ba, me ta sani? Ya tone su kaf, ya binne a bayan rumbu. Har na iri ya binne, don can sai sanyi ya wuce ake mai da su ƙasa su yi fure.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, aka ce. Mato dai radi ya dafa. Bazara ta faɗo, rairayin bayan rumbu ya yi zafin da kaza ba ta iya takawa. Inna na lissafin kwana da tsinken kara.

Da wata biyu suka cika ya shimfiɗa mata tabarma, ya kawo gishiri a ɗan ƙoƙo, ya sa hannu ya tona. Wari ne ya fara fitowa. Babu ko ɗaya mai rai, duk sun narke sun zama baƙin kunu.

Inna ba ta gani sosai a lokacin. Kafin mu ankara ta lakato da yatsa ta kai baki. Ta haɗiye, sannan ta ce, “Ashe abin ga ɗana ya riƙa ci.”

“A'a Inna, ba haka yake ba. Lalacewa ya yi.”

“Kada ka ɓoye mani, Mato. Allah sarki Hamisu.”

Ya rantse, na rantse, ta ɗauka lallashinta muke yi. Ya taka har Maradi, ya bi lambunan Turawa yana tambaya. Wani kuku ya ba shi irin wani ɗan radi ja, ba shi ba ne, kuma sai ɗari ya dawo ake shuka shi. Inna ba ta kai ɗari ba.

Na yi fushi da Mato shekara guda, ko gaisuwa sai da kyar. Yanzu tausayinsa nake ji, har cikin raina. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana noman albasa a bakin tabki, fangalin nan biyu kuwa bai sake zuba musu komai ba. In baƙo ya tambaye shi dalili, sai ya ce wurin na ƙanensa ne.