Ƙyauren da Aka Shimfiɗa a Bayan Mota

Kakata Iya Ladi ba ta taɓa ba mu tatsuniya muna zaune hannu sake ba. Da an idar da magariba take hura gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Karantina a Jidda, ta ɗora kasko da rairayi, ta zuba gyaɗar da za ta kai bakin titi da safe. Mu jikoki aikinmu mu murje ɓawo mu hure. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ma ya tsaya, sai duk mu juya mu harare shi. Gidan na kwano ne da katakon akwatunan tashar jirgin ruwa, iskar teku tana shigowa ta ko'ina da ƙarnin kifi, amma ni har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a wuta muryar Iya nake ji.

A ƙasa Iya ta zo ƙasar nan, ta ratsa Chadi da Sudan tana goye da mahaifina. Ta ga gidajen da masu su suka ja ƙofa suka tafi, ta kwana a inuwar wasu. Ina jin shi ya sa a cikin tatsuniyoyinta akwai wadda take maimaitawa har muka gaji da ita.

"Ga ta nan ta iso," in ji ta, tana juya rairayi. "Mai surutu ya matsa mata."

Mu ce, "Ta zauna, Iya."

Wai an yi wani mai amalanken shanu, katakon ƙasan amalankensa ya ruɓe. Maƙwabcinsa kuwa ya kwashe iyalinsa ya nufi Makka, ya ja ƙyaure ya ɗaure da igiya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, katanga ta zube, ƙyauren yana nan tsaye shi kaɗai. Mutumin ya ce gidan da ba shi da katanga me zai yi da ƙyaure? Ya ciro shi ya shimfiɗa a amalanke, ya loda gero ya kama hanyar kasuwa. Bai yi nisa ba wani ya ce masa salamu alaikum. Nan take ƙyaure ya buɗe, gero ya zube a ƙasa.

A nan Iya takan nuna mu da cokalin suya. "Shi ƙyaure aiki ɗaya ya iya. An yi sallama, ya buɗe. Bai san an mai da shi amalanke ba, ba wanda ya gaya masa."

Mutumin ya buga ƙusa, ya ɗaure da kiri, duk a banza. Sai ya koma fita ta bayan gari. In ya hango mutum ya kau da kai, in an matso ya ɗaga hannu a yi shiru. A hankali mutane suka daina gaishe shi, kaya kuma suka daina zuba. Ya cika rumbu. Ranar da matarsa ta haihu ya yanka rago ya shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya leƙo, don ba a shiga gidan mutum ba sallama, shi kuma ya hana a yi masa.

"To mai ƙyauren ya dawo?" in ji yayana.

"Ni na san masa? Hure ɓawon nan. Ta ƙare, kowa ya wanke ƙafarsa."

Haushin wannan tatsuniya nake ji. Ni so nake kura ta cinye shi, ko a kama shi a zane shi a kasuwa. Ɓarawo ya yi sata, a ce hukuncinsa ya ci rago shi kaɗai?

Na girma a Karantina, a nan na yi aure, a nan na binne mijina. Shekarar da aka rushe unguwar aka ba mu kwanaki mu kwashe abin da za mu iya. Kowa ya ɗauki tukunya da katifa da takardu. Wa zai tsaya ciro ƙyaure alhali bai san inda zai kwana ba? Muka watse. Ni na bi ɗana Abdallah, yawancin maƙwabta suka sami ɗakunan haya a unguwar Waziriyya. Muna juya baya aka fara kiran abin da muka bari tarkace, kamar daga sama ya faɗo ba mai shi.

Mijina ya bar wa Abdallah tsohuwar motar kaya, irin mai buɗaɗɗen baya da muke ce wa wanit. Ta girmi Abdallah. Katakon bayanta ya ruɓe har kana hango kwalta, ya kai ta wurin wani kafinta a Khumra. Kullum ya dawo sai zancen katako. Wai kafinta ya ce sabo ɗanye ne, danshin Jidda zai banƙare shi kafin shekara. Wai tsoho ya riga ya bushe, ya gama motsinsa, kuma masu sha'awar tsofaffin motoci shi suke so. Na ce masa ni ban san katako ba, ya sa wanda zai ɗauki kaya.

Mota ta dawo tana sheƙi. Amma ni ba a yin abu a gabana in ƙi gani. Na lura duk ranar da zai kai ni gaisuwa Waziriyya sai ya shimfiɗa tsohuwar darduma a bayan motar, kuma ya ajiye ni a bakin layi. Yaron da a da yake shiga gida gida yana durƙusawa, yanzu sai "Yalla Ummi, sauka, ina da aiki, ki gaishe su." Sau uku yana yin haka. A na huɗu, kafin ya fito daga wanka, na sauka na yaye dardumar.

An goge fenti, an shafa mai, an yanka shi gida biyar. Amma a katako na tsakiya ga wani zagaye da ya lotsa, inda zoben ƙarfe ya yi shekaru yana bugu. Hannuna na cikin hannayen da suka lotsa wurin. Ƙyauren Khala Rakiya ne, maƙwabciyarmu, wanda marigayi mijinta ya haɗa da katakon jirgin ruwa. Ta wannan ƙofa na shiga da gudu ranar da naƙudar Abdallah ta kama ni.

Ya fito ya gan ni, ya tsaya cak.

"A ina ka samo shi?"

"Ummi, a cikin ɓaraguzai yake. Wallahi da na bar shi wani ne zai ɗauka, ko a ƙone."

"Ka san na wa ne?"

"Gidan ma babu shi, halas, shi ke nan, ya tafi."

"Na ce ka san na wa ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Matar da ta yanke maka cibi tana nan da ranta, ka san ɗakin da take, kana da baki. In halal ɗinka ne, me ya kawo darduma?"

A tsaye a bakin motar nan na gane abin da Iya take nufi, bayan ƙasa ta daɗe da rufe ta. Ba ta manta da hukunci ba. Mutum ya ɗauki abin da bai tambaya ba, ba ya bukatar kura. Shi da kansa zai fara ratse hanya, ya bi ta bayan gari, ya yanke kansa daga mutanensa ɗaya bayan ɗaya. An rushe mana katangu, wannan ba mu da iko a kai. Gaisuwar nan ce kaɗai ta rage ta haɗa mu, ita ce kuma ɗana yake shirin bayarwa saboda katako biyar.

Na sa shi ya tuƙa har ƙofar ɗakin Khala Rakiya, ba darduma. Idonta ya yi rauni, aka riƙo ta ta fito. Abdallah ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, Larabci da Hausa duk sun cakuɗe masa. Ta miƙa hannu ta shafa katakon, tana lalube har yatsunta suka faɗa cikin zagayen nan.

"Abdallah."

"Na'am, Khala."

"Da ka zo ka ce, Khala ba ni, da na ba ka har da ƙusoshin. Me zan yi da ƙyaure a ɗakin haya? Da ma in ji yana yawo a gari a motar ubanka." Ta janye hannunta. "Amma ba ka tambaya ba. Ciro mini kayana."

Ya dube ni wai ko zan sa baki. Na dubi gefe.

Ranar nan ya kwance su a tsakiyar layi, tsofaffin maƙwabta suna tsaye suna kallo, ya shigar da su ɗaya ɗaya ya tura ƙarƙashin gadonta. Ba za su sake zama ƙyaure ba, ba kuma abin da za ta yi da su. Sabon katakon da ya sa kuwa ya banƙare kamar yadda kafinta ya faɗa, in mota ta faɗa rami sai ya yi ta kuka. Abdallah yana ƙorafi. Ni kam ban taɓa ce masa sannu ba.