Rayyis Shahata da Baƙin Tafkin Timsah

Duk wanda ya tashi a unguwar masunta ta Isma'iliyya ya san Rayyis Shahata Mansi, ko da a murya ne. Shagona na ɗinki yana jikin gidansa, saboda haka nakan ji shi tun kafin ya fito. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gashin baki kamar tsintsiya. Kwale-kwale ɗaya yake da shi a Tafkin Timsah, sai matarsa Nafisa, wadda muke kira Ummu Farag, da 'ya'ya maza biyu, Farag da Sabri. Bai iya karatu ba, amma labaran rediyo ba sa wuce shi, kuma da an ambaci Amurka sai ya tofar da yawu.

Bayan yaƙin sittin da bakwai, sojojin Isra'ila suka zauna a ɗaya gaɓar mashigin jiragen ruwa da ke gefen garinmu, wuta ta riƙa sauka a kan gari, hukuma ta kwashe mu. Mu da iyalin Rayyis aka zuba mu a wata makaranta kusa da Zaƙaziƙ, aka raba aji da labulen barguna. A can Rayyis ya lalace. An ba shi fartanya, ya riƙe ta kamar filafili, manoma suka yi ta dariya. Daga baya ya koma sayar da kifin gishiri a kasuwa, yana zagin kifin a gaban masu saye.

Farag ya shiga soja. Yana cikin waɗanda suka haye mashigin a yaƙin saba'in da uku, bai dawo ba. Abokansa sun ce jirgin sama ne ya sauke musu bam, jirgin kuwa ƙirar Amurka. Ko gawa ba a kawo ba.

Aka shiga sabuwar shekara muna jin ministan Amurka yana ta zirga-zirga tsakanin Alƙahira da Isra'ila, har sojoji suka ja da baya. Muka koma gida. Rayyis ya tarar da gidansa babu rufi, kwale-kwalensa kuma ya ruɓe a bakin ruwa. Ɗan uwansa ya ara masa wani, amma an hana kamun kifi, domin tafkin cike yake da nakiyoyi da bamabaman da ba su fashe ba. Sai ga Amurkawa sun iso da jirage masu saukar ungulu da masu nutso, za su taimaka a share mashigin. Aka ce ana neman masu kwale-kwale da za su riƙa kai su wuraren da ruwa ba zurfi.

Rayyis ya rantse ba za shi ba. Ya ce mutanen da suka ba da makamin da ya kashe ɗansa ba za su taka kwale-kwalensa ba. Ummu Farag ta bari ya gama, tana tsintar shinkafa, sannan ta ce, "Ya Rayyis, ai su suka zuba, sai su kwashe. Kai dai je ka tsaya a kansu, kada su yi ha'inci."

Wannan magana ta yi masa daɗi. Washegari ya wuce ta gaban shagona ya ce da ni zai je duba aikin leburorinsa.

Masu nutso uku aka haɗa shi da su, biyu sojojin ruwanmu, ɗaya Ba'amurke, wani dogon baƙin mutum mai suna Lester. Rayyis ya yi makonni bai kalle shi ba. Idan an dafa shayi sai ya miƙa wa kowa, ya tsallake shi. Shi kuwa Lester bai taɓa nuna ya lura ba. Yakan saɓa tukunyar iskarsa ya nutse, ya fito, ya zauna a ƙarshen kwale-kwale. Wata rana a lokacin hutu ya jawo wani yagaggen taru da ke ƙarƙashin benci, ya hau ɗinke shi. Rayyis ya saci kallo, ya ga ƙullin daidai yake. Ɗaya daga cikin sojojin mai jin Turanci ya tambaya, ashe uban mutumin masunci ne a wani babban kogi na ƙasarsu. Rayyis ya ce a gaya masa ƙullin ya yi sako-sako, ko da yake ƙarya yake yi. Amma ranar shayi ya kai ga Lester. Daga baya har Ummu Farag takan ƙara burodi da wake a ƙunshin abinci, tana cewa ba don kowa ba ne, Rayyis ne ya ƙara ci.

Abin da mutanen unguwa suka fi tunawa ya faru ne can wajen Difirswar. Masu nutson suka ci karo da wata motar soja da ta nutse, suka fito da ƙasusuwan mutum a cikin buhu, da takalmi ɗaya. Sojojin suka juya takalmin suka ce ba irin namu ba ne, na wancan ɓangaren ne. Ɗayansu, wanda shi ma ya rasa wansa, ya sa ƙafa ya ture buhun gefe. Rayyis ya daɗe yana kallon buhun. Sai ya kwance mayafin wuyansa ya lulluɓe shi, ya ɗaga shi daga cikin ruwan da ya taru a gindin kwale-kwale ya ɗora a kan benci.

"Ɗana, janye ƙafarka," ya ce da sojan. "Wannan ma wata ce ta haife shi, tana can tana jira. Nawa yana can cikin yashi. Ina roƙon Allah wanda zai tsince shi ya rufe shi."

Suka kai gaɓa suka miƙa buhun ga hafsoshi. Lester bai ji abin da aka ce ba, kuma bai tambaya ba. Shi ya karɓi filafili ya tuƙa su. Da yamma Rayyis ya shigo shagona ya zauna a kan tulin yadi, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar da aka kawo labarin Farag.

Amurkawan suka gama suka tafi. Da aka buɗe mashigin a bazarar saba'in da biyar, gari duka ya fita bakin ruwa. Jiragen farko suna wucewa suna busa ƙaho, mata suna guɗa, Rayyis yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa shi ya sa ido a kan aikin.

Lokacin da aka sa hannu kan sulhu da Isra'ila a Amurka, shagon gahawar unguwarmu ya rabu biyu. Wasu suka ce an sayar da jinin shahidai, wasu suka ce an gaji. Aka juya ga Rayyis, tun da shi uban shahidi ne. Ya ce shi har gobe bai yarda da Amurka ba, domin da ido ɗaya take kallon yankin nan, kuma abin da aka yi wa Falasɗinawa, aka bar su a baya, ba zai taɓa kiransa adalci ba. Wani malamin makaranta ya ce, to ashe yana adawa da sulhun ke nan.

"Ustaz, 'ya'ya biyu na haifa," in ji shi. "Yaƙi ya ɗauki ɗaya. Sabri yana soja, yanzu haka yana bakin daga. In takarda za ta dawo mini da shi da ƙafafunsa, su rubuta ko da a bayan jaki ne."

Sabri ya dawo. Ya yi aure, ni na ɗinka masa kayan angonci. Shi da uban suka sassaƙa sabon kwale-kwale, suna faɗa kan kowace ƙusa. Bayan Sina'i, hamadar da ke ƙetaren mashigin, ta dawo hannunmu, Sabri ya sami izinin kamun kifi a Tafkin Bardawil da ke can, ya ɗauki tsohon suka tafi tare. Ummu Farag ma ta bi su sau ɗaya, ta sa aka tsayar da mota a tsakiyar yashi, ta sauka ta karanta Fatiha, ta dawo ta ce a ja.

Rayyis ya komo daga tafiyar da kwando cike da kifi, ya zaɓi manya biyu ya ajiye a kan keken ɗinkina. Ya leƙa waje ya tabbata ba kowa, sannan ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Maƙwabci, kifin can ya fi namu daɗi," ya ce. "In ka faɗa a unguwa, zan ce sharri ka yi mini."