Sabon Kunnen Mode

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota a Gidan Igwai ya san Mode Mai-kunne. Makanike ne, ya fi shekara talatin a ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin titi, kuma kafin ka kashe mota ya gama sanin ciwonta. Yana zaune da kwanon furarsa zai ce maka, "Fulogi na, kak ka wahal da kanka." A buɗe a duba, fulogin ne kuwa.

Ɗan Ƙofar Kware ne, gidan malamai. Ya yi karatu daidai gwargwado, rubutunsa na ajami ma ya fi na duk 'yan'uwansa kyau. Amma mutumin da mota za ta wuce ya manta da allon da ke cinyarsa, wa zai iya tsare shi a zaure?

Da girma ya zo, abu biyu suka haɗu masa. Motoci suka sake hali, suka zo da kwamfuta a ciki, da wata 'yar wuta ruwan ɗorawa a gaban sitiyari wadda in ta kama ba ta gaya maka dalili. Na biyun ya fi ciwo: kunnen ya fara tafiya. Mode ya ɓoye. Ya ƙware a gyaɗa kai da murmushi, ko me aka faɗa ya ce "haka na". Ranar da Alhaji Sodangi mai hatsi, wanda tun motarsa ta farko bai san wani gareji ba, ya kawo mota tana karkarwa, Mode ya sunkuya ya kasa kunne. Bai ji komai ba sai wani zuuu a cikin kansa. Ya ce mai ne marar kyau. Ba shi ba ne, kuma Alhaji bai dawo ba. Abin ya ci ran Mode ƙwarai, har ya ƙudurta cewa in ya sake yi wa wani haka, zai kwashe sufanunsa ya koma gida.

Balkisu, 'yarsa ta fari, nas ce, irin waɗanda ba a ɓoye musu ciwo. Ba ta ce da shi uffan a kan kunne ba. Wata Juma'a dai ta ajiye masa wani ɗan abu kamar kwalin ashana.

"Mi na wanga kuma?" in ji shi.

"Baba, ƙarƙashin sitiyari aka soka shi," ta faɗa da ƙarfi, tana kallon fuskarsa. "Mota ta gaya mishi inda ka yi mata ciwo, shi ko shi rubuto ma ga waya."

Suka gwada a motar maƙwabci. Lamba ta fito a fuskar waya, Mode ya yi tsalle kamar wanda ya taka garwashi. Mota tana magana a rubuce! Sai dai da Turanci take maganar. Nan karatun zaure ya yi rana. Balkisu tana fassara, shi yana rubuta ma'anar kowace lamba da ajami a wani littafi mai baƙin bango. Wata biyu yana bitarsa kamar mai shirin sauka, ba motar da ta tsaya kusa da shi da bai roƙi a bar shi ya soka mata abin ba, har ta mai sayen tsire.

Ran nan da hantsi sai ga motar Alhaji Sodangi, tana rawa, wutar nan tana ci. Alhaji ya fito ransa a ɓace. Gareji uku ya zaga, duk sun sa mata kwamfuta, an canza fulogi, an canza kwayil, ko Wamakko ba ta kaiwa sai wutar ta dawo.

Mode ya soka abinsa. P0303. Ya buɗe littafi: silinda ta uku ba ta ƙona mai daidai. Abin da sauran suka gani ke nan, suka ruga sayen kaya. Shi kuwa ya tsaya. Na'ura ta faɗi wurin ciwo, ba ta faɗi mafarinsa ba. Ya buɗe bonet, sai ga ɓawon gero da kashin ɓera a lungun inji. Motar mai hatsi, a bakin sito take kwana!

Ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan inji, da dama yana bin wayoyin silinda ta uku ɗaya bayan ɗaya. Da ya taɓa wadda ta shiga nozul mai feshin mai, injin ya yi tuntuɓe a ƙarƙashin tafinsa. Ya sake ta, injin ya daidaita. Ya kuma taɓawa, ya sake tuntuɓe.

"Ga ta! Wallahi ga ta!" Mode ya kwarma ihu har masu adaidaita suka waiwayo. "Alhaji, taho ka ga aikin ɓeranka!"

Wayar a gaigaye take, saura 'yan zare biyu. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe, ya goge lambar a wayarsa ta hannu. Aka tayar. Injin ya kwanta lafiya lau a ƙarƙashin hannunsa. Alhaji ya ja motar har Wamakko ya dawo, gaban sitiyari ba ko ɗigon wuta.

Ya fito yana dariya, ya kama hannun Mode yana ta magana. Mode yana ganin bakinsa na motsi, kansa har ya fara gyaɗawar da ya saba. Sai ya tsaya. Shekara biyu yana tsoron ya furta cewa ba ya ji, yau ya nemi tsoron ya rasa.

"Ɗaga murya, Alhaji," ya ce, gaban kowa da kowa, yana share ido da bayan hannu. "Kunnena ya tahi tun bara waccan. Ban jin mi kaka cewa."

Alhaji ya dube shi. Sannan ya matso har bakinsa ya kusa taɓa hular Mode.

"Cewa niy yi, gobe ina kawo ma babbar motar!"