Sai Danshi Ya Gaisa da Danshi

Shanun gidanmu da suka rage suna hannun Bukar, ɗan marigayi ƙanena, a ƙauyen kakanninmu da ke arewa da Gashuwa. Ba su da yawa, amma tsatson shanun kakarmu ne, kuma in ban da su babu wani abu nata da ya saura a duniya. A bazarar bara ya kira ni a waya ina Nguru, ya ce, "Baba, jiya an yi ruwan fari. Gobe zan kora su Kwarin Gamba." Na ce masa ya dakata, ina nan tafe. Abin da ya sa na ce haka wata tatsuniya ce da na ji tun ban fara azumi ba.

Mahaifinmu mutumin Haɗeja ne, fataucin fata da ƙirgi ya kawo shi Nguru a zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa ya koma cike. Mahaifiyarmu kuwa 'yar Mangawa ce, kuma duk rani sai a tura ni da ƙanena wurin uwarta, Kaka Amsa. Ƙauyen nata yana tsakanin abu biyu: ta kudu fadama, ta arewa tuddan rairayi. A bayan tuddan nan akwai wani kwari mai faɗi inda gamba ke tsayi har ta ɓoye mahayin jaki, shi ya sa ake ce masa Kwarin Gamba. Da rani shanu suna fadama suna cin ciyawar burgu. Da damina, in ruwa ya cika fadamar, sai su hau tudu.

Bayan sallar magariba Kaka takan hura wuta a tsakar gida da busasshen kashin shanu, ta ɗora ɗanyen ganye a kai don hayaƙi ya kore wa 'yan maruƙa sauro. Mu da maruƙan wuri ɗaya muke zama, idanu na hawaye, babu mai tashi. Hausarta tana da nauyin Barbarci, takan ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai", mu yi ta ƙyaƙyata dariya, ita kuwa ko a jikinta.

"Ke mijin banza," ni take nufi, "kin zo daga birni hannu rabbana? Ko sabulu babu? Gobe da sassafe sai gaban alƙali."

"Ai na kawo miki goro, Kaka."

"Goron da haƙorana ba sa iya fasawa? Wannan ai mugunta ce. Zauna can, na koma wa ƙanenki."

Sai ta jawo faifan da take ɗinki, ta ce, "Ga ta nan tafe, ƙafa ba takalmi." Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Ta ce wai a farkon duniya Ciyawa a ƙarƙashin ƙasa take zaune, ba ta fitowa. Saniya kuwa tana bisa tana lasar duwatsu, haƙarƙarinta kamar tsani. Ran nan Saniya ta durƙusa ta sa baki a ƙasa ta ce, "'Yar'uwa, fito mana, yunwa za ta kashe ni." Ciyawa ta ce, "In fito ki cinye ni?" Saniya ta ce, "To me kike so?" Ciyawa ta ce, "Abu ɗaya. In ruwan fari ya sauka zan leƙo da kaina, amma ƙafata ba ta kai ga ruwan ƙasa ba tukuna. Ki kawar da kai kamar ba ki gan ni ba. In danshin sama ya gaisa da danshin ƙasa, ƙafata ta kama, to zo ki aske min kai yadda kike so, zan sake tofowa. Askin ma ina so, don in an bar ni ba aski wuta ce ke zuwa ta yi min. Ki bar min taki, ki tattake min 'ya'yana su shiga ƙasa, ki wuce gaba. Kada dai ki kwana a kaina shekara guda." Suka yi alkawari, kowa ya yi ƙiba.

Sai wata shekara Tunkiya ta biyo Saniya. A nan Kaka takan maƙale murya ta langaɓe kai. "Wai ita loma ɗaya za ta yi. Loma ɗaya tak, ta ɗanɗana bakin sabuwar shekara." Ƙasa ta jiƙa sama-sama, Tunkiya ta ja, Ciyawa ta taho har da ƙafarta. Saniya ta ga an fara babu ita, ta ce ai ba za a bar ta a baya ba. Kafin rana ta faɗi sun share wurin. Ciyawa ba ta yi faɗa ba. Ta tattara 'ya'yanta ta koma ƙasa, ta turo musu Ƙarangiya ta ce, "Ga ƙanwata, ku yi hira da ita." Da suka cinye Ƙarangiyar ma tun tana jaririya, sai aka turo Tumfafiya, mai faffaɗan ganye da farin nono, wadda ba a cika tumbi da ita.

"Ƙurunƙus kan ɗan maraƙi," in ji Kaka. "Wanda ya ci a tsaye zai kwana da yunwa a kwance. Ku tashi ku wanke ƙafa."

Mu dai mun ɗauke ta labarin kwaɗayin Tunkiya, har muka laƙaba wa wani yaro mai saurin loma sunan. Amma a ƙauyen ba wasa ba ce. In an yi ruwan fari babu mai kora dabba kwari. Dattawa sukan hau tudu su durƙusa su tona rairayi da hannu. In hannu ya shiga cikin danshi ya tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashi, sai su karkaɗe hannu su dawo, shanu su ci gaba da zama a fadama. Sai ranar da aka tona har gwiwar hannu ba a ga bushewa ba, sannan mai shela zai zaga ya ce danshi ya gaisa. Wanda ya riga shela, bulama, mai garin, zai kira shi, kuma kunyar ta fi tarar ciwo.

Na girma na shiga fataucin shanu, ya kai ni wurare da yawa. Na zauna da Fulani a ƙasar Diffa, na ci kasuwa da Larabawa a Abeshe, na kai har yammacin Sudan. Ko'ina na sauka, da yaren da za a yi magana, na tarar suna da irin wannan doka, kowa da sunan da yake kiranta. Wasu da sanda suke auna danshin, wasu da tsayin tsiron. Kuma ko'ina na ga inda dokar ta mutu, iri ɗaya ne. A arewacin Diffa na ga rijiyoyi masu zurfi da sa ke jan guga, garke ya sha ya wuce don ruwan ba ya isar kowa, ciyawa kuma har bakin rijiya. A Sudan na ga famfon inji da ba ya gajiya, shanu sun yada zango a kansa, ka yi tafiya mai nisa kowane gefe ba ka ga ko tsinke ba, sai kashin shanu da ƙasa mai tauri kamar daɓe. In ruwan sama ya sauka a irin wannan ƙasa ba ya shiga, gangarewa yake yi ya tafi abinsa. Nakan tsaya in girgiza kai in ce Allah ya kiyashe mu, mu da muke da fadama.

Da wannan a raina na hau mota daga Nguru zuwa Gashuwa, daga can na hau babur zuwa ƙauye. Na tarar da Bukar a bakin garke. Shanun sun sa na kawar da kai. Wata jar saniya mai ciki sai da aka sa mata itace a ƙarƙashin ƙirji aka ɗaga ta.

Muka hau tudu tare. A bakin kwarin yanzu akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wasu masu taimako suka haƙa shekarun baya, kuma Allah ya saka musu, mata sun huta da tafiya. Amma tun da aka haƙa ta kwarin bai sake kwana ba dabba ba, rani da damina. Na durƙusa da ƙyar na tona. Danshin bai wuce tsawon yatsa ba. A ƙarƙashi rairayi ne mai ɗumi, yana zuba ta tsakanin yatsuna. Tsiron kuwa ya fito kore shar, kamar gashin jariri.

Na ce, "Bukar, bai gaisa ba. Ka ba shi lokaci. In aka tsuge wannan aka yi fari, babu na biyu."

Ya ce, "Na sani, Baba. Babana ya ba ni tatsuniyar nan har na haddace."

"To, in ka sani?"

Ya nuna min gabas da haɓa. Can ga garken wasu mutanen Karasuwa sun riga sun gangaro, ga tumakin 'yan ƙauye a bayansu.

"In na riƙe nawa, waɗancan wa zai riƙe su? Bulama? Ga shanunsa can a gaba."

"Ka mayar da su fadama ko na ɗan lokaci ne."

Sai ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. "Wace fadama, Baba? Yaushe rabonka da ita? Inda ruwa ke ja an shinge, shinkafa ce da tattasai, inji na kuka. Saniya ta sa baki a kunya ɗaya sai ofishin 'yan sanda. Inda ruwa ba ya ja kuma ciyawar kacalla ta cinye, ko kwalekwale ba ya ratsawa. Burgu? 'Ya'yana ba su san kamanninsa ba." Ya dube ni ya ce, "Ita Kaka, da ta ce Saniya ta kawar da kai, ta faɗi inda za ta tsaya ta jira?"

Na miƙe na karkaɗe hannuna. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba, ba rashin kunya ba ce. Ka yi mana addu'a kawai." Da hantsi ya buɗe garke, ina tsaye.

Ruwan kuwa ya ɗauke ƙafa, aka daɗe ba a sake ganin hadari ba. Tsiron da ya tsira daga baki rana ta ƙone shi. Shanun da suka daɗe da yunwa suka cika ciki da ɗanyen tsiro, zawo ya kama su, jar nan ita ta fara tafiya da abin cikinta. Da damina ta kankama daga baya, kwarin ya yi kore har mai wucewa a mota zai ce ma sha Allah, amma tafasa ce da tsidau da tumfafiya. Ƙarangiyar da muke zagi muna yara don tana maƙale mana a wando, ita ma yanzu nemanta ake yi. Kafin sanyi ya wuce Bukar ya kora ragowar shanun kasuwar Gashuwa. Bai gaya min ba sai da aka loda su.

Shekara da shekaru ina ba da wannan tatsuniya a zango da tasha, ina zagin Tunkiya cikin harsuna huɗu. Ban taɓa lura ba cewa haƙurin Saniya yana da abin da ya jingina da shi. Kakanninmu ba su fi Bukar tsoron Allah ba, ba su fi shi sanin ƙasa ba. Suna da wurin jira ne. Dokar da nake alfahari da ita, burgun fadama ne ya riƙe ta, kuma ranar da aka raba fadamar nan ranar aka kashe kwarin, sai dai gawar ba ta faɗi ba sai daga baya. Kowa da ya sa hannu yana da hujjarsa. Mai shinkafa yana ciyar da iyali, mai rijiya ya shayar da gari, ni kaina na yi shekaru ina sayen shanu ina cewa a ƙaro. Ba a samu Tunkiya guda da za a nuna da yatsa ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Watan jiya na je Gashuwa ta'aziyya, na biya ta kasuwa. A layin masu abincin dabbobi na hango Bukar a ƙarƙashin rumfar buhu. Dusa yake sayarwa da harawa, da damman ciyawa da ake kawowa a mota daga kudu. Bai gan ni ba. Yana riƙe da buta, yana tsoma yatsu yana yayyafa wa damman ruwa ɗaya bayan ɗaya, don su yi kyan gani a idon mai saye.

Da ya ɗago ya gan ni sai ya ajiye butar da sauri, ya share min benci da hannun riga.

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna. Raguna nawa ka ɗaure bana? Zan yi maka sauƙi."